Fari na Biyu

Shekara arba'in ina kankarar gishiri a Colchani,
ni Eufrosina, matar marigayi Severino.
Filin nan ba shi da inuwa, ba shi da bakin iyaka,
fari fat daga ƙafata har inda sama ta durƙusa.
In tara shi tsibi-tsibi, in bar shi ya tsane,
in ɗura a buhu, in ɗinke baki.
Ya ci min tafin hannu. Na ce ci, kai ke ciyar da mu.

Da yana ta rufe min idon dama
aka sa ni a motar Potosí da bargo biyu da dafaffen dankali.
Likita ta zare ƙwayar da aka haife ni da ita,
ta sa wata ta roba, faɗinta bai kai farcen jariri ba.
Ta ce, Kaka, wannan ba ta tsufa,
ita za ta raka ki kabari.

Washegari aka kware auduga.
Ashe mayafin da nake yafawa ja ne!
Ashe jikana Wilmer yana da tabo a haɓa,
ashe tsuntsayen tafki masu dogayen ƙafafu
ba ruwan toka ba ne, kunya ce ta rina su.
Shekara shida ina zura zare a allura
ban roƙi kowa ba.
A kasuwar Uyuni na kama mai ba ni canji da giɓi,
na ƙirga masa a gaban jama'a.

A ta bakwai na fara wanke taga sau biyu a yini.
Na zargi hayaƙin murhu, na zargi sabulu,
na yi wa Wilmer faɗa kan fitila.
Suka harba min haske a ido, suka ce zai washe.
Bai washe ba.

Likita Arancibia ta daɗe tana leƙe ta madubinta,
sai ta ja kujera baya.
Ba yana ce ta dawo ba, in ji ta.
Abin da jiki ke gina ƙashi da shi
shi ke kwanciya a kan robar, ƙwaya bayan ƙwaya,
kamar yadda gindin buta ke yin fari.
Ba ya goguwa. Sai an ciro ta,
kuma ido ya riga ya rungume ta
kamar saiwa ta naɗe dutse.

Na yi dariya har ta tsorata.
Shekara arba'in ina kwashe fari daga ƙasa,
yau ga shi ya biyo ni gida,
ya shigo ba sallama, ya shimfiɗa tabarma a cikin idona.

Talata za a yi aikin.
Ta ce ba ta yi min alkawari ba. Na ce gara haka,
wancan alkawarin ma ga inda ya tsaya.
Na roƙe ta abu ɗaya:
in ta ciro, ta ɗora min a tafin hannu
kafin a kai ta ɗakin bincike.
Ina son in ɗanɗana, in ji ko namu ne.

Yau dai Lahadi.
Wilmer, kawo mayafin nan kusa.
Matso da shi. Ƙara matsowa.