Lamba Arba'in da Bakwai

Shekara goma sha tara ina cin tuwo da tambaya.
Na fara da bik da takarda cikin leda,
yau allon waya ne mai shan batir,
amma rairayin hanyar Dakoro
bai ji labarin an ci gaba ba.

Mutum nawa ke kwana gidan nan?
Sau nawa aka ɗora tukunya jiya?
A shimfiɗa mini tabarma, a miƙo ruwa a ƙoƙo,
a ce sau uku, alhamdu lillahi,
ga toka ta huce a murhu tun shekaranjiya.
Bakatsine da Bagobiri a nan bakinsu ɗaya:
ba a tona ciki gaban baƙo.
Sai na koyi duban murhu kafin in dubi baki.

Bana sawun awaki aka sa ni bi.
Furoje ya raba jajaye ɗari uku bara waccan,
kowacce da lamba a kunne,
masu kuɗi na son su ji
ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.
Gida uku aka zana mini a allo:
tana nan,
ta mutu,
an sayar.

Can bayan Sabon Mashi na iske Tsahara tana sussuka.
Turke na tsaye da igiyarsa, ba kowa a ƙarshenta.
Na ce, ina arba'in da bakwai?
Ta jingine taɓarya, ta kwaɗa kira.
Wani yaro ya ɓullo daga bayan rumbu,
gwiwa duk ƙasa, yana tura gwangwani da kara.
Ta ce, ga ta nan.

Zazzaɓin damina ne ya shanye masa jini.
Jaka ashirin da biyu dillali ya taya, ba ta ja ba.
Kabu-kabu zuwa bakin kwalta, mota zuwa Maradi,
ledar jini ɗaya, kwana shida a ƙasan baranda.
Ta ce, in takardarki ta ce na ci amana,
rubuta, ƴar nan, hannunki ne.
Ta koma ga turminta.

Yatsana ya daɗe a sama.
Ban taɓa yi wa lissafi ƙarya ba,
shi ne kawai jarina.
Na danna an sayar.
Yaron ya shige cikin goma sha takwas bisa ɗari
na waɗanda aikin bai yi nasara a kansu ba,
yana nan gabana yana kukan mota da baki.

Daren nan a biro, fanka na juya zafi,
na ƙara layi huɗu a ƙasan shafi na talatin da ɗaya.
Malam Tsalha ya ce rahoto ya yi tsawo,
kuma wa ke karatu har can?
Na ce a bar su.
Na ce baɗi a zana gida na huɗu,
a bar shi da faɗi, mutum ya samu wurin zama.
Ya ce zai kai maganar gaba.
Na san tsawon gaba.

Ɗan Jimo direba ya leƙo ta taga:
gobe gida nawa?
Sha huɗu.
A cika tanki, a sa batir a wuta,
mu fita kafin mata su tafi rijiya.