Kunnensa, Hannuna

Asubar Lahadi, ranar kasuwar Tawa,
buhu tara na albasa a bayan tsohuwar Fijo.
Na murɗa makulli, ta ce ƙas.
Na sake, ta ce ƙas, ƙas,
sai ta yi gum kamar wadda aka ɓata wa rai.

Baba Shipkau na zaune gindin bedi.
Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota
tsakanin nan da Agadas
kafin ciwon suga ya rufe masa ido.
Ko ɗaga kai bai yi ba.
"Tsahara, ba yunwa ke damunta ba.
Ɗaga kapo, duba kan batir."

Ga wani gari ya dunƙule a kan sandar,
fari da kore, kamar gishirin da ya sha damina.
"Jiƙa kanwa."
Kanwar da Inna ta ajiye don wake
na zuba, ta yi kumfa tana tsaki.
Na goge da tsohon buroshin haƙori,
na ɗaure da kile mai lamba goma
har kan ya daina rawa a hannuna.

Ta tashi, amma da ɗingishi,
jikinta duk yana kakkarwa.
"Da ƙafa uku take tafiya," in ji shi.
"Zare wayoyin buji ɗaya bayan ɗaya.
Wadda kika zare muryar ba ta sauya ba,
ita ce matacciyar."
Ta farko ta fizge ni har gwiwar hannu,
na yi ƙara, yaran maƙwabta suka fashe da dariya bisa katanga.
"Ai na manta ban ce ki naɗe tsumma ba,"
shi ma yana dariya, har da tari.

Ta uku ce.
Na kwance bujin na sa masa a tafi.
Ya shafa bakinsa da ɗan yatsa, ya kai hanci,
kamar mai sayen turare.
"Baƙi ne, ko? Da danshi?"
Na ce haka ne.
Na kankare shi da takarda mai yashi,
na wanke da esansi a murfin kwalba,
ya auna tsagar da farcen babban yatsansa
ya ce ta yi.

A garejin Hamidin
jikka biyar ne kafin ma a taɓa ta,
kuma sai ta kwana biyu.

Kurwa ta yi kuka da na taka mai.
Na danna ta da yatsa, ta lotsa da yawa,
na sassauta, na ja, na ɗaure.
Da na kai hannu ga murfin ruwa
ya buga sandarsa a ƙasa.
Yadda ya sani, ban sani ba.
Ya naɗe hannun riga ya nuna min tabon
da tafasasshen ruwa ya bar masa kusa da Abalak
tun ban zo duniya ba.

Sannan ya tashi, ya lalubo ta,
ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen mai ɗumi,
ya daɗe.
"Akwai wani bugu can ƙasa, ƙarami.
Wannan ba na kanwa ba ne, ba na kile goma ba.
Zai kai mu kaka in an lallaɓa.
Ki riƙa duba baƙin mai kowace safiya,
ki fara tara wa Hamidin kuɗinsa."
Ni ban ji komai ba.
Na kasa kunne har na daina numfashi, ban ji ba.

Rana ta yi sama kafin in isa kasuwa,
masu saye na farko sun watse,
buhu biyu na dawo da su.

Da magariba ina wanke hannu da toka,
baƙin bai fita daga ƙarƙashin farce ba,
ya ce daga kan tabarmarsa:
"Da safe, a kwanar masallaci,
kin makara wajen sa giya ta uku."