Goyon Tsoho Harrop

A Keighley, bayan tsohuwar masaƙa,
akwai gareji mai ƙofar ƙarfe
inda Harrop ya jera babura goma sha ɗaya
da suka manta ɗanɗanon kwalta.

Duk Asabar ni ke goge su,
ni Tanimu, da na yi shekara tara ina acaɓa a Funtuwa.

Na tsere ne dukansu, masu ƙugun zanzaro,
ba fitila, ba madubi, ba ham,
sirdin bai fi tafin hannu ba.
Ba su san goyo ba.
Jan nan mai lamba bakwai, in ji shi,
uku suka rage a duniya.
Gonar gado ya sayar ya ɗauko shi,
matarsa ta yi wata biyu ko ci kanka ba ta ce masa ba.

Na ce, "To yaushe za a tayar da shi?"
Ya dube ni kamar na ce a yanka zakaran da ke yi masa cara.
"Ba a tayar da wannan. Kallonsa ake yi."

Nawa yana waje cikin yayyafi,
baƙi, mai tumbi, na hannu na saya.
Sirdi a ƙasa kamar kujerar tsakar gida,
kai a buɗe kamar ƙahon bijimi,
ka miƙe ƙafa gaba kamar mai jiran tuwo.
Salansa biyu, muryarsa dum, dum,
kamar ana daka a maƙwabta.
Ba ya gaggawa.
Harrop na kiransa kujerar falo mai taya.

Sai bana hannunsa ya fara rawa,
likita ya ce tuƙi ya ƙare.
Ya zauna tsakiyar dukiyarsa,
ga rijiya, babu guga.

Ran nan ina ninke tsumma sai ya ce,
"Kujerar nan taka, tana ɗaukar mutum biyu?"

Na ce, "Baba, na taɓa ɗaukar huɗu da buhun masara."

Muka bi tudu ta gefen katangun dutse,
tumaki na binmu da kallo,
ban wuce mil arba'in ba.
Hannuwansa suka kama ƙuguna,
girgizar inji ta shige su
har na kasa sanin wa ke rawa,
shi ko babur.

A ƙololuwar tudun ya daki kafaɗata.
Na zaci tsayawa yake so.
Ya ɗaga gilashin hular kwano,
iska ta kwashe rabin maganar,
ga abin da ya iso kunnena:
"Ƙara wuta, yaro.
Ƙara wuta."