Kan Inna Kuluwa

Wata tara ina kitsa kan roba,
kai marar wuya, ɗaure a bakin tebur.
Hajiya Shiru muke ce mata,
ba ta wayyo, ba ta madalla.
A kanta na koyi tsaga, na koyi shuku da kalaba.

Ran da na fara taɓa kan mai rai
na bar man saki ya wuce lokacinsa.
Barira ta yi sati biyu cikin kallabi,
ba ta zage ni ba,
da ta zaga ma da na samu barci.
Tun ranar hannuna ke rawa
kamar na wadda ta sha shayi ba ta karya ba.

Madam Rahamu ta duba takarduna ta ce,
"Kin san sunan kowane gashi da Faransanci, Zuwaira,
amma yatsunki sai sun nemi izini."

Ranar jarrabawa kowa ta zo da kan da za ta yi.
Tawa 'yar'uwa tana can Harobanda,
motoci sun cushe a kan gada.
Agogon bango yana ci, kujerata ba kowa.

Sai Inna Kuluwa ta jingine tsintsiya,
ta kwance ɗankwali:
furfura ce, gajera, goshi ya cinye gaba.
"Shekara goma sha ɗaya nake share gashin mutane a ɗakin nan,
ba a taɓa tambayar nawa ba."
Ta zauna.

Na ɗauki tsinke, yana rawa.
Ta ce, "Ja, 'yar nan.
Kan da ya ɗauki tulu daga Isa zuwa Yantala
ba yatsunki za su fasa shi ba."
Ana haka wuta ta ɗauke,
injinan busarwa suka yi tsit,
masu jiƙaƙƙen kai suka shiga salati.
Ni kuwa man kaɗe ne gare ni, da hasken taga.
Ban san a layi na nawa rawar ta tsaya ba,
na dai ji ta fara gyangyaɗi a gwiwata.

Sha huɗu bisa ashirin.
Ban zo ta ɗaya ba, Barira ce.
Takardar tana cikin akwati, ƙarƙashin zannuwa.

Amma kwana uku Inna Kuluwa na shara
ɗankwali a kafaɗa,
in ta zo gaban babban madubi
sai tsintsiyar ta ɗan rage sauri.