Gaɓa ta Goma Sha Bakwai

Ƙarfe bakwai, kafin a buɗe ajujuwa,
ina rumfar gwaji, bayan sashen gini,
ni da gaɓoɓi talatin da shida.
Katako bibbiyu, an ɗaure da ƙusa mai noti,
kowace na rataye da bulon siminti
tun makon da na sa hannu a takardar shiga.

Ba sa karyewa. Da ma su karye in huta.
Sakin jiki suke yi a hankali,
kamar ɗankwalin mai gyangyaɗi a mota.
Allurar awo ta gusa kaurin gashi, in rubuta.
Gobe ta ƙi motsi, in rubuta.
Shekara uku ina gadin abin da ido bai gani.

Ruwan Kumasi ba ya sallama.
In ya sauko, odum ya kumbura ya shaƙe ƙusa,
in rana ta buɗe, ya tsuke ya bar ta tana lilo.
Wanda Asantawa ke kira wawa kuwa
(tun watan fari na daina dariyar sunan)
ya fi kowa shan laima,
ya fi kowa saurin mantawa.

A Aboabo, wurin suna, aka tare Inna:
"Wai Zuwera har yau boko?
Likitar me za a zama?"
Ta ce, "Ta katako."
Sai da wata ta ƙware da sobo.

Baba dai bai yi dariya ba.
Ya shekara arba'in da zarto a Anloga
kafin gwiwa ta ce masa ya isa.
Wata Asabar ya hau tirotiro biyu
ya zo ganin inda nake ɓata.
Bai dubi kwamfuta ba.
Ya bi layi yana ƙwanƙwasa da bayan yatsa,
yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana,
ya shinshina wannan, ya wuce wancan,
sai ya ja birki a ta goma sha bakwai.
"Wannan ba za ta kai ki ba.
Ɗanye aka yanka shi,
kuma ƙusa ta yi kusa da baki."

Na ce, Baba, lissafi ya ba ta hamsin.
Ya ce, "To."
Ya nemi kujera.

Wata goma sha huɗu.
Daren wata Talata aka kwana ana ruwa,
da safe na tarar da bulon a ƙasa,
tsaga ta bi jijiyar katako
daga ramin ƙusa har baki,
miƙe sambal kamar da alli aka ja.
Na zauna a kan bulon.
Ban san ko kuka zan yi ko guɗa ba,
sai na ɗauki hoto, na rubuta kwanan wata.

Farfesa Adomako ya ɗaga tabarau:
"Ɗaya cikin talatin da shida.
Wa ya hango? A wace mujalla?"
Na laluba kundin kaf,
ba gurbin da ake sa bayan yatsa.
Na ba tsagar babi guda, da jadawali tara,
don in faɗi abin da aka faɗa mini a numfashi ɗaya.

Yanzu da dare ina shafa masa man kaɗe,
gwiwar hagu tukuna, ita ce mai tsiwa.
Ya ce, "Gobe akwai ruwa, ga shi nan ina ji.
Ki je da wuri, odum zai motsa."
Samanmu rufin da ya kafa
tun ba a san za a haife ni ba
ya yi ƙas, sau ɗaya, ya gyara zama.

Ban taɓa auna shi ba.
Na saita ƙararrawa biyar da rabi.
Saura talatin da biyar.