Kifa Karta

A bayan tashar Farin Gada, inda Jatau ke dafa shayi,
akwai benci mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ce.
Nan Baba Dalyop ya koya mini poka,
tsohon da haƙar kuza ta ci wa yatsu biyu a Bukuru.
Da takwas ɗin da suka rage yake raba karta
kamar mai tsince tsakuwa daga acca.

Ba ma zuba kuɗi, murafen kwalba ne jarinmu,
duk da haka daren farko na tashi ba ko ɗaya,
kunnuwana na zafi cikin sanyin Jos.

Ya ce, "Yaro, ka ƙura wa hannunka ido
kamar wanda aka aiko wa wasiƙa.
Abin da ke ciki ba zai sauya ba.
Dubi Tanko:
in ya sami sarki biyu, shayinsa sai ya huce.
Dubi Nanfa tela:
in burga zai yi, tari ke riga shi fitowa."

Na ce, "Ni fa?"
Ya ce, "Girarka ta hagu sanƙira ce,
har Taminus ana jin shelarta."

Wata uku ina koyon shiru.
Na iya ƙirga abin da ya fita, in kintaci saura.
Na gane mai zuba na ƙarshe
ya riga ya ji zancen kowa.
Wanda ya fi ba ni wuya
shi ne kifa karta mai kyau,
in nade hannu,
don jikina ya ba ni ta wani ta fi ta.

Wani dare, ruwa na dukan kwano,
kowa ya tsiyace, saura ni da shi.
Hannuna fanko, biyu da bakwai, ba dangin iya ba na baba.
Na tura murafena duka tsakiya,
na saki girar nan da gangan.

Ya daɗe yana kallona.
Ya shafa gurbin yatsunsa.
Ya kifa.

Da Jatau ya zo kwashe kofuna ya ɗaga su:
sarauniya uku.

Har yau ban sani ba,
ni na ci tsohon nan,
ko shi ya ga yaro na bukatar ci ɗaya.
Shi dai ya biya kuɗin shayi,
ya ja hularsa ta ulu,
ya shiga ruwa yana dariya.