Jakin da Ba Ya Waiwaye

Duniyar da aka ce mu gina ba ta da zurfi.
Dama da hagu, sama da ƙasa, iyakarta ke nan.
Malama Hajaru ta rubuta a allo:
maki talatin, mako shida, mutum uku-uku,
wanda ya kwafo na wani, tana jin warinsa daga ƙofa.

Ni da Nafi'u da Rifkatu 'yar Zuru.
Nafi'u ya ce jirgin yaƙi. Rifkatu ta ce an gaji da harbi.
Na leƙa taga, Aliero ce, ana cirar albasa,
buhuna sun durƙusa bakin titi suna jiran tirela.
Na ce jaki.
Suka yi dariya har mai gadi ya leƙo.
Jakin dai aka yi.

'Yan murabba'ai muka jera suka zama jikinsa,
ruwan toka, kunne ɗaya ya ɗara ɗaya
don hannun Rifkatu ya goce, muka bar shi haka.
Aikinsa ya ɗauko buhu daga fadama zuwa kasuwa,
ya tsallake lambatu, ya kauce wa ɗan kabu-kabu.
Albasa ta faɗi, maki ya ragu.

Dare na sha ɗaya, ƙasa ta daina riƙe shi.
Ya taka, ya nutse,
ya ratsa fadamar da na zana da hannuna,
ya yi ta faɗuwa cikin duhun da ba mu gina ba,
lamba a gefe tana ƙirga nisansa,
dubu, dubu tara, dubu arba'in,
buhun yana bayansa, ko albasa ɗaya bai yar ba.
Cajin kwamfuta saura kashi shida.
Nafi'u ya kifa kai a tebur.

Ran Asabar na je gida da ita a jaka.
Kakana Arzika na zaure yana feƙe karan ɗori,
yaron da ya faɗo daga mangwaro bai daɗe da fita ba.
Ya ga fuskata, ya ce, "Luba, mi as same ki?"
Na ce jakina ne, ƙafarsa ba ta jin ƙasa.
Bai yi dariya ba.
Ya ce, "Ba a ɗori da ido.
Bi da yatsa, gaɓa-gaɓa,
inda mai shi ya yi ƙara, nan ta."

Na bi. Layi-layi, har aka kira la'asar.
A na ɗari biyu da sha bakwai
wata 'yar alama ta buɗe baki hagu
alhali dama aka aike ta.
Na juya ta.
Jaki ya sauko, ya tsaya. Ƙasa ta karɓe shi.

Tsoho ya sa yatsan da ya gyara ƙasusuwan rabin gari
ya danna, jaki ya yi tsalle, ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.
Ya ce in juyo shi ya ga ɗaya gefen.
Na ce ba shi da shi, Kaka, gefe ɗaya muka yi masa.
Ya yi shiru.
"To ina yaka shan ruwa?"

Daren nan na ƙara kwami a tsakiyar hanya.
Ba ya ba da maki, ba ya ragewa.
In ka tsaya, jaki ya sunkuya, agogo na ci gaba da gudu.

Ranar gwaji Malama ta buga da kanta.
Ta ce ba sauti, ta cire uku.
Ta ce sunayen da muka raɗa wa abubuwa sai mu kaɗai, ta cire huɗu.
Da ta iso kwamin ta tambayi amfaninsa.
Nafi'u ya kalle ni, na kalli Rifkatu.

Ashirin da uku muka samu.
Amma na ga hannunta ya bar madannai,
lokaci na ƙonewa a kusurwar allo,
ta jira har ya ɗago kai.